Wane Irin Tanti Ya Dace da Iyali a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Samaru, Zariya. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbar tana da shekara 13, autan yana da 2. Duk Sallah ko biki mukan je ƙauyenmu ta wajen Soba, amma ɗakuna ba sa isa, sai an rarraba yara a gidajen maƙwabta, abin kuma ba ya yi mini daɗi. Na ga tantuna a intanet, wani an rubuta masa mutum 6, wani mutum 8. Wani abokina kuma ya ce in je wajen masu ɗinkin tamfol su ɗinka mini. Wanne ya fi, kuma me zan haɗa da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a, ya saka maka da wannan kulawa.

Mu fara da lambar nan da ke jikin jaka, domin ita ce ke fara yaudarar mai saye. Idan kamfani ya ce tanti na mutum 6 ne, lissafinsa mutum shida a kwance kafaɗa da kafaɗa, kowa da faɗin kusan santimita 50, babu jakar kaya, babu kwanon abinci, babu wurin juyi. Irin wannan tanti yawanci mita 3 ne a tsawo, mita 3 a faɗi. Ɗauki katifar nan mai ƙafa huɗu da rabi da muke da ita a gidajenmu, faɗinta ya kai santimita 137. Ka shimfiɗa biyu, ka cinye mita 2 da santimita 74, abin da ya rage bai wuce taku ɗaya ba. Masu harkar sukan ce ka ƙara mutum biyu a kan adadin iyalinka, wato ku bakwai kuna buƙatar na mutum 9 ko 10. Ni kuwa ba zan ba ka shawarar ƙaton tanti guda ba. Sayi biyu: na mutum 6 domin uwargida da 'yan mata da auta, na mutum 4 domin kai da samari. Addini ya umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, ga babbar 'yarka ta riga ta wuce nan, tana buƙatar inda za ta canja kaya a suturce. Ban da haka, ƙaramin tanti ya fi jure iska, mutum biyu sun isa su kafa shi, ya fi sauƙin samun gurbi a tsakar gidan ƙauye, sannan idan sandar ɗaya ta karye ba a rasa mafaka gaba ɗaya ba. In dole sai guda ɗaya, nemi mai ɗaki biyu wanda aka raba da zif, kada ka yarda da wanda labule kawai aka rataya a tsakiyarsa. Na matan ya kasance mai tsayin santimita 180 ko fiye a tsakiya, yadda za a iya ɗaura zani da yin salla a tsaye.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa yawancin tantunan nan an ƙera su ne domin Turai da Amurka, inda damuwarsu ruwa da sanyi. Mu a nan, abin da ke korar iyali daga tanti zafi ne, sai sauro, sai iskar hadari. A watan Maris da Afrilu zafin Zariya yakan haura digiri 35 a inuwa, tantin da ba shi da tagogi kuwa, rana na ɗagowa ya koma tanderu. Saboda haka ka nemi mai ruɓi biyu: na ciki mai raga da yawa a rufi da gefe, na waje kuma rigar ruwa ce da ake ɗorawa a cire. A daren bazara sai ka yaye rigar, ku kwanta a cikin raga iska na ratsawa, sauro na waje. Tagogi su kasance suna kallon juna, akwai kuma ƙaramar kafar iska ta ƙasa, domin iska mai sanyi ta ƙasa take shigowa, mai zafi ta fita ta sama. Ka sa ido a kan idon ragar, ya zama ƙanana ƙwarai, ka bi da yatsa inda aka ɗinke ta da zif, nan take fara yagewa.

Ruɓi biyun yana da wani amfanin da ba a ganewa sai an kwana. Numfashin mutum bakwai tururi ne, yana taruwa a jikin yadi idan dare ya yi sanyi. A tanti mai ruɓi ɗaya, irin wanda ake cillawa ya buɗe da kansa, da asuba za ka ji ɗigo a fuska alhali ko yayyafi ba a yi ba, bargon da ya taɓa bango ya jiƙe. A mai ruɓi biyu, ɗigon yana gangarawa ta cikin rigar waje ya sauka ƙasa. Masu buɗewa da kansu ɗin nan na wasan yara ne a tsakar gida, kada ka ɗora kwanan iyali a kansu.

Game da ruwa, za ka ga wata lamba da harufan mm a bayanta. Tana nuna tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka a kansa kafin ya fara tsatsa. Iya ƙaruwar lambar, iya ƙarfin yadin wajen hana ruwa. Zariya tana samun ruwan da ya kai kusan milimita 1000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma da ƙarfi yake sauka, don haka nemi 2000 zuwa 3000 a rigar waje, 3000 ko fiye a daɓen. Amma lamba ba ta hana ruwa bi ta ramin allura. Juya rigar ka duba ciki: kowane ɗinki ya kamata a ga an liƙe shi da siririn tef mai sheƙi. Rigar ta sauko har kusa da ƙasa, ba ta tsaya a sama kamar hula ba, daɓen kuma ya naɗo bango da kamar tsawon tafin hannu, ta yadda ruwan da ke gudu a ƙasa ba zai sami ɗinki ba.

A yadi, foliyesta ya fi nailan jure rana, kuma shi ne daidai da aljihun yawancinmu. Kanbas na auduga ya fi kowanne sanyi da daɗewa, sai dai nauyi da tsada, ga jinkirin bushewa. Shawarar abokinka tana da rabin gaskiya. Masu ɗinkin tamfol gwanaye ne, amma tamfol ɗin rufin mota da na rumfar biki leda ce mai kauri, ba ta numfashi ko kaɗan, ɗakin kwanan da aka yi da ita zufa ce zalla. Inda za su yi maka amfani shi ne abu biyu. Su yanka maka shimfiɗar ƙarƙashin tanti, wadda za ta kare daɓe daga ƙaya da tsakuwa, a rage ta da kamar yatsu uku ta kowane gefe, domin idan ta leƙo waje ruwan rufi zai sauka a kanta ya kwanta ƙarƙashinku. Su kuma ɗinka maka rumfa mai ramukan igiya da za ka kafa a saman tantunan, da tazarar kamu ɗaya tsakaninsu. Wannan rumfa ce za ta sha rana a madadin tantin, ta ba uwargida inuwar zama da rana.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da tantuna a ƙasarmu. Hadarin farkon damina, na Afrilu da Mayu, daga gabas yake tasowa, iska da ƙura ne ke riga ruwa isowa. Je ka cikin birni ta Ƙofar Doka ka dubi tsoffin gidajen ƙasa, za ka ga katangar gabas ta fi sauran zaizayewa. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take. Don haka ka juya wa gabas baya, ƙofa ta kalli yamma ko kudu. Wannan ma ya yi daidai da salla, tunda mai shiga da fita ba zai gifta gaban mai salla ba. Sandunan da suka fi yawa a kasuwa na faiba ne, suna da araha, amma idan suka karye tsagewa suke yi su huda yadi. Na alminiyam sun fi, na ƙarfe sun fi ƙarfi ga babban tanti in motarka za ta ɗauka. Turakun da ke zuwa a cikin jaka kuwa waya ce siririya, a jar ƙasarmu ta rani bugu biyu sun lanƙwashe, a damina kuma iska ta zare su. Ka je wajen mai walda ko maƙeri da rodi mai kaurin milimita 8 ko 10, ya yanka maka tsawon santimita 30, ya fiƙe baki, ya lanƙwasa kai. Yi ashirin ko fiye. Wajen kafawa, ka karkata kan turken nesa da tanti ka buga shi da guduma har ya kusa nutsewa, ka ɗaure duk igiyoyin gefe ko da sama tana garau. Ɗaura wa igiyoyin farin ƙyalle saboda yara masu gudu da dare.

Kada ka kafa a kwari ko bakin rafi. A yankinku na kogin Galma ruwa yakan gangaro daga saman rafi ko da ba a yi ko ɗigo a inda kake ba. Ka guji gindin doguwar bishiya ita kaɗai saboda tsawa da faɗowar reshe, ka share wurin tas, nesa da tarin kara da suri da juji. Zif ya kasance a rufe dare da rana, takalma a ciki, a kakkaɓe su da safe saboda kunama. Maganar tsaro ma ba a ɓoye take ba: shekarun nan 'yan bindiga sun addabi sassan jiharmu kamar Birnin Gwari da Giwa. Tanti ba ya tare kowa. Kafa shi a cikin gida, bayan katanga ko danga, da sanin maigidan da mai unguwa.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake roƙonka ka maimaita wa kowa a gidan. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15, sai zuciya ta raya wa mutum ya shigo da kurfoti. Wallahi kada a yi. Gawayi, risho, gas da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, ga mai barci kuwa ba ya ma farkawa, kuma ƙananan yara ta fi saurin kamawa. Ko garwashin da ake ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da ita. Ga kuma gobara: yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayukan alhazai fiye da 300, ita ce ta sa Saudiyya ta sauya tantunan wurin da marasa kamawa da wuta. Girki a waje, janareta can nesa, babu kyandir, babu maganin sauro na kunnawa a ciki. Maganin sanyi shi ne shimfiɗa, domin ta ƙasa yake shiga jiki: tabarma, sai darduma ko siririyar katifar soso, sai bargo, auta kuma a sa masa hula da safa. Katifar hurawa tana da daɗi, amma iskar cikinta sanyi take yi, ƙaya ɗaya kuma ta isa ta sace ta, don haka in ka saya ka riƙe faci da sholisho.

Sauran kayan ba su da wuya. Fitila mai caji da za a rataya a tsakiya, tocila a hannun kowane babba, ƙaramar fanka mai caji da farantin sola. Gidan sauro mai magani ga auta ko da tantin na da raga, tunda yara ba sa rufe zif. Jarkar ruwan sha mai murfi, buta, fo na dare don kada yaro ya fita shi kaɗai, ƙaramar tsintsiya, da akwatin magani mai farasitamol, gishirin zawo, filasta da bandeji.

Wajen saye, sunaye irin su Coleman, Quechua da Vango sanannu ne, amma ana buga sunan kowa a jikin jabu, don haka idonka ya fi sunan. In ka samu na gwanjo a kasuwar Sabon Gari ko ka gangara Kaduna ko Kano, kada ka biya sai an kafa shi a gabanka. Shiga ciki da rana ka rufe, duk inda haske ya huda ruwa zai bi. Shafa cikin rigar: idan tana danƙo, ko tana ɓarewa kamar garin rogo, ko tana warin tsami, maganin ruwanta ya mutu, kuma ba a gyara shi da sauƙi. Ƙirga sanduna, ja robar da ke cikinsu, ka zuge kowane zif har ƙarshe sau biyu. Sannan ka karɓi buta ka tsiyaya ruwa a kan ɗinkin rufi, wani yana ciki yana kallo. In ta intanet ne, nemi a turo maka awon daɓen da santimita, ka kuma tabbatar akwai damar mayarwa.

Da ya iso, kafa shi a gidanka na Samaru ku kwana ɗaya kafin tafiya, yara su koyi zif, kai ka san abin da ya ɓace tun kasuwa na kusa. Ƙurar hunturu tana cinye zif, sai ka riƙa goge haƙoran da tsohon burushi ka goga musu kyandir. Kada a wanke tanti da omo, ruwa da soso sun isa. Kada kuma a naɗe shi da danshi, ko na raɓa ne, kwana biyu zai yi fumfuna. In dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe, shanya shi a inuwa ranar da ka dawo, sannan ka rataye jakar a sama inda gara da ɓera ba sa kaiwa, turakun ƙarfen a buhunsu daban.