Zuwa ga ƙanena na Maradi mai shirin karatu a Rabat

Ƙanena, ka tambaya ko zaman jami'a a Maroko yana da daɗi, ko kuwa kewar gida ce kawai ke jiranka. Akwai daɗi ƙwarai, amma yawancinsa a tukunya da butar shayi yake, kuma tun daga kasuwar Maradi ake shirya shi.

Ka sayi rabin tiya na kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da ƙuli-ƙuli. Daddawa kuwa ka naɗe ta a leda biyu ko uku ka sa a gwangwani mai murfi, in ba haka ba duk tufafinka sai sun ɗauki warinta. Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar gari. Garin alkamar da 'yan Maroko suke kira smida yana ko'ina, kuma yana yin tuwo mai kyau: kofi ɗaya ga ruwa kamar kofi uku. A fara dama kaɗan da ruwan sanyi a yi talge, sannan a riƙa zuba sauran ana tuƙawa. Wanda ya juye shi gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, gudaji zai ci.

Girkin taro shi ne gishirin zaman. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, kowa da ranarsa. Abin da ke rusa shi kusan kullum lissafi ne, don bursu, wato kuɗin tallafin karatu, takan yi jinkiri, wani ya ci bai biya ba, a fara ƙunƙuni. Ku ajiye littafi, ku naɗa ma'aji ɗaya, a rubuta ko dirhami ɗaya ne. Ka kuma tambayi dokar gidan ɗalibai game da girki kafin ka sayi risho.

Fada ma, zamanmu na hira da shayi, tana nan, sai dai ta koma ɗaki. Ganyen shayin da ka sani shi 'yan Maroko suke sha, su dai da na'ana'a mai yawa. Ka kira maƙwabcinka ɗan Maroko ko ɗan Senegal ya ɗanɗani na farko mai ɗaci. Ina roƙonka kada ka tsaya cikin 'yan Nijar kaɗai, domin Darija, Larabcin da ake yi a kasuwa da taram (jirgin ƙasa na cikin gari), a bakin abokai ake koyonta. Ranar Juma'a bayan masallaci ake cin kuskus, in an gayyace ka kada ka ƙi. Da azumi kuma ana buɗe baki da miyar harira da dabino.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ake yi da sanyi mai laima, ba irin hunturunmu ba, ɗakuna da yawa kuma babu abin ɗumama su. Ka tanadi bargo mai kauri tun watan Nuwamba, ka riƙa buɗe taga da rana don kada bango da tufafi su yi fumfuna.