Tambaya da Amsa: Yadda za ka gyara kwamfutar abokinka daga nesa

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon sun taru a kan abu guda, wato shiga kwamfutar wani ta intanet da izininsa. Mun zaɓi biyar. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta, don kada mutum ya yi ta laluben abin da ba zai gani ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Kaduna, abokina yana karatu a Sakkwato. Kusan kullum sai ya kira ni, yau firinta ta ƙi aiki, gobe takardarsa ta ɓata. In yi ta yi masa kwatance har kati ya ƙare, ba mu fahimci juna ba. An ce zan iya ganin kwamfutarsa daga nan. Ta ina zan fara? Dukanmu Windows muke amfani da ita. *Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka fita neman wata manhaja, duba wadda take cikin gida. Windows 10 da 11 suna da Quick Assist. Ku danna Ctrl da maɓallin Windows da Q a tare, kai da shi. Wanda tasa ba ta buɗe ba ya sauke ta daga Microsoft Store, kyauta ce.

Kai mai taimako ka danna "Help someone", ka shiga da asusunka na Microsoft, irin na Outlook ko Hotmail. Shi ba ya buƙatar asusu. Za a ba ka lambar shiga mai haruffa da alƙaluma 6, kuma minti 10 kacal take yi ta mutu. Saboda haka kada ka ciro ta sai ya tabbatar maka manhajar tana buɗe a gabansa. Ka tura masa a rubuce ta WhatsApp, domin a waya B da D sukan rikice. Ya rubuta, ya danna "Submit", sannan "Allow". A nan za ka ga fuskar kwamfutarsa, amma kallo kawai za ka yi. In kana son riƙe linzami da madannai, sai ka danna "Request control", shi kuma ya sake amincewa. Duk lokacin da ya ga dama ya danna "Leave", an rabu.

Ba a taɓa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ko kaɗan, domin kwamfutocin biyu kowacce ita ce ke fita ta sami sabar Microsoft, wato babbar kwamfutar kamfanin, ta ƙofa 443, wadda shafukan intanet masu tsaro suke bi. A can ake haɗa su.

Wuri biyu ake yawan cijewa. Na farko, in ka zo saka direban firinta, wato manhajar da ke sa ta aiki da kwamfuta, Windows za ta fito da akwatin nan mai tambaya ko an yarda manhaja ta yi canji. Daidai lokacin fuskar takan yi baƙi a wajenka, sai ka zaci sabis ne ya ɗauke. Ba sabis ba ne, da gangan aka ɓoye maka akwatin. Abokinka ne zai danna "Yes" da hannunsa, don haka ya zauna kusa, kada ya ba ka kwamfuta ya tafi cin abinci. Na biyu shi ne agogo. Kwamfuta ta hannu da ta sha jiki, ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci, wanda a yawancinsu CR2032 ne mai kama da kwabo, yakan mutu. Sai ta farka tana nuna shekarar da ta wuce tuntuni, ta ƙi yarda da takardar shaidar kowane shafi, haɗi ya gagara. In ya ƙi haɗuwa ba dalili, ka ce ya karanta maka kwanan watan da ke ƙasan fuskar tukuna.

Idan ɗayanku Mac yake riƙe da ita ko Linux, ku koma Chrome Remote Desktop, a remotedesktop.google.com/support. A nan abin juyawa yake yi: wanda za a taimaka wa shi ke danna "Generate Code", ya sami alƙaluma 12 masu rai na minti 5, kuma duk bayan minti 30 za a tambaye shi ko a ci gaba. Mai Mac sai ya shiga "Privacy & Security" ya ba manhajar izini biyu, na ɗaukar hoton fuska da na "Accessibility". In ya ba da na farko kawai, za ka gani amma linzami ba zai motsa ba.

Tambaya: Malam, na kunna Remote Desktop na Windows a kwamfutar abokina, na buɗe ƙofa 3389 a MiFi ɗinsa kamar yadda na gani a wani bidiyo, na kwafi adireshin IP ɗin da Google ya nuna. Daga gida na gwada ya fi sau goma, ya ƙi. Ina na yi kuskure? *Ɗalibi daga Kano*

Amsa: Mai yiwuwa ba ka yi kuskure ba, bidiyon ne aka yi wa masu wani irin layi daban. Amma fara da duba abu mai sauƙi. Ka rubuta winver a wurin bincike na kwamfutar abokin. In ta ce Home, magana ta ƙare, domin Windows Home tana iya shiga wata kwamfuta amma ba a shiga ta da Remote Desktop, wato tsarin shiga daga nesa na Windows kanta, wanda ya bambanta da na Chrome. Sai Pro ko Enterprise ko Education.

In Pro ce, to ga babbar katangar. Adiresoshin IP na tsohon tsari, wato lambobin da ake gane na'ura da su a intanet, ba su wuce biliyan 4.3 ba a duniya duka, sun yi wa mutane kaɗan. Shi ya sa kamfanonin waya kan ɗora masu layi da yawa a bayan adireshi guda. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da zaure ɗaya. Kai ka buɗe ƙofar ɗakinku, amma mabuɗin zaure yana hannun mai gida, kuma baƙon da ya zo bai san ɗakin da zai nufa ba. Kana iya tabbatarwa da kanka. Shiga shafin MiFi ɗin, yawanci 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1, ka duba adireshin da aka rubuta a gaban WAN. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko kuma ya saɓa da wanda Google ya nuna maka, to kana bayan zauren kamfani. Ko ƙofa nawa ka buɗe, babu mai isowa.

Mu dai a ganinmu ƙin da ya yi alheri ne. Ƙofa 3389 tana cikin waɗanda 'yan kutse suka fi ƙwanƙwasawa. Akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne zagaya intanet suna gwada kalmomin sirri a kanta, kuma ta nan masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa suka sha shiga. A Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a tsarin, aka sa mata suna BlueKeep, wadda muninta ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daɗe da sallama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauya lambar ƙofar zuwa wata ma ba ya ɓoye ta, masu zagayen duk ƙofofi suke bi. Koma ka rufe abin da ka buɗe.

In lallai Remote Desktop kake so, ka saka Tailscale a kwamfutocin biyu. Tana gina muku keɓaɓɓiyar hanya a kan fasahar ɓoye bayanai mai suna WireGuard, ta ba kowace kwamfuta adireshi tsayayye mai farawa da 100, kuma tana ratsa zauren kamfani ba tare da an buɗe komai ba. Abokin ya tura maka gayyatar raba kwamfutarsa daga shafin asusunsa. Kai kuma ka danna Windows da R, ka rubuta mstsc, ka sa adireshin. Za ta nemi ainihin kalmar sirrin asusunsa, gajeriyar lambar PIN da yake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan, asusun da ba shi da kalmar sirri ma ba ya shiguwa. Sannan ka sani, da zarar ka shiga, tasa fuskar za ta kulle, ba zai ga abin da kake yi ba. In koya masa kake son yi, Quick Assist ta fi dacewa.

Tambaya: Ƙawata tana da shagon buga takardu. Ta ba ni amanar duba mata lissafi da dare bayan an rufe shago, lokacin babu mai danna "Allow". Yaya za mu yi? *'Yar'uwa daga Maraɗi*

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kike buƙata shi ne izinin dindindin. A kwamfutar shagon ku buɗe remotedesktop.google.com/access, ku saka manhajar, ku ba kwamfutar suna da lambar sirri mai alƙaluma 6 ko fiye. Ki lura, kwamfutar tana ɗaure ne da asusun Google ɗin da aka yi saitin da shi, kuma da shi kaɗai ake ganinta daga nesa. Ku kunna wa asusun tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida ta biyu. TeamViewer da AnyDesk ma suna yin wannan aikin, sai dai kyautarsu ta amfanin kai ce. Aikin shago kasuwanci ne a wajensu, in suka zargi haka sukan riƙa yanke haɗi bayan ɗan lokaci sai an sayi lasisi.

Saitin shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen ganin kwamfuta ta kwana a farke. Kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira, don haka a saitin wuta ki mai da barci "Never" in tana jone da caji. In ta cinya ce, ki shiga "Power Options" ki sa rufe murfi ya zama "Do nothing". In ta tebur ce, ɗauke wuta na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe ta, kuma ba za ta tashi da kanta ba. Maganin wannan yana cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga daidai lokacin da kwamfuta ke tashi, kafin Windows ta buɗe. Akwai saitin da wasu ke kira "AC Recovery", wasu "After Power Loss", a sa shi a kan "Power On", wuta na dawowa ta kunna kanta. MiFi ɗin ma ya kwana a caji, a cire masa barci. Kada ku dogara da intanet na wayar yaron shago, shi zai tafi gida da abarsa.

Tun da amana ce, ki roƙe ta ta buɗe miki naki asusun a Windows, daban da nata. Gobe in wani fayil ya ɓata, ba za a yi kallon-kallo ba.

Tambaya: Data nawa abin ke ci? Kuma me ya sa hoton ke tsayawa duk lokacin da na kira abokin a waya? *Mai karatu daga Kumasi*

Amsa: Ya danganta da yawan motsin fuska. Ga ma'auni: gudun megabit 1 a daƙiƙa, in ya ɗore awa guda, megabayit 450 ke nan, kuma kowannenku zai biya nasa. Rubutu da duba saiti ba sa kai haka, bidiyo kuwa yakan zarce. A rage girman fuskarsa zuwa 1280 da 720, a mai da hoton bango launi ɗaya, a kashe tura sauti. Sannan ya kunna "Metered connection" a saitin Wi-Fi, in ba haka ba Windows sai ta zaɓi daidai lokacin ta fara sauke sabuntawa. Ka tuna ƙarfin turawa na ɓangarensa shi ne abin dubawa, domin daga can hoton ke tasowa.

Tsayawar hoto kuwa, in daga wayar da ka kira yake ba kwamfuta intanet kuma layinsa ba shi da VoLTE, wato tsarin yin kira a kan 4G, kira na shigowa wayar take sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G, data ta ja baya ko ta tsaya cak. Ku yi magana ta WhatsApp, ko ka kira wata wayar.

Tambaya: Wani ya kira mahaifinmu ya ce daga banki yake, ya sa shi ya sauke AnyDesk ya karanta masa lambar da ta fito. Ƙanina ya shigo ya kashe kwamfutar. Me za mu yi yanzu? *Mai karatu daga Gusau*

Amsa: Allah ya tsare gaba, ƙaninku ya yi daidai. AnyDesk halastacciyar manhaja ce ta wani kamfani a Jamus, amma 'yan damfara suna sonta saboda ƙarama ce kuma tana tashi ko ba a girka ta ba. Lambar da Baba ya karanta adireshin kwamfutarsa ce, in ya danna "Accept" to an shiga. Banki ba ya neman shiga kwamfutar mutum, ba ya tambayar lambar katin ATM ko lambar da yake turowa ta saƙo.

Ku fara da banki, yau ɗin nan. Ku kira lambar da ke bayan katin ko ku je reshe, a rufe katin da manhajar banki. Ku tambayi Baba a hankali, ba da faɗa ba, me da me ya faɗa ko ya rubuta yayin da mutumin ke kallo, musamman BVN, wato lambar shaidarsa ta banki, da lambobin saƙo. Dattijon da aka kunyata yakan ɓoye rabin labari. Sai ku sauya kalmar sirrin imel daga wata na'ura daban, ita ce kan gaba domin ta ita ake sake saita sauran, sannan na banki da Facebook.

Kwamfutar kuma ku kashe rauta kafin ku kunna ta. Ku buɗe AnyDesk, ku duba saitin tsaro ko an sa kalmar sirri ta "Unattended Access", domin da ita mutum ke dawowa ba sallama. Ku cire manhajar, ku bi jerin abubuwan da aka girka bisa kwanan wata, ku cire duk wanda ya shigo a ranar, musamman wata manhajar shiga daga nesa ta biyu. Ku yi cikakken bincike da Windows Security. In mutumin ya daɗe a ciki, ko fuskar ta yi baƙi na wani lokaci Baba bai ga abin da ake yi ba, ku kwashe hotuna da takardu a filashi, a goge kwamfutar a sake ɗora Windows.