Ƙugiyar tana cikin but, ba a ƙarƙashin mota ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka leƙa ƙarƙashin motar da ka sayo daga Duwala ba ka ga inda ake ɗaura igiyar jan mota ba, ga shi kana shirin tafiya Kuseri daga Marwa, a arewacin Kamaru, cikin damina. Ka kyauta da ka tambaya tun kana gida, don tsakanin Mora da Waza zuwa Dabanga ba wurin koyon wannan abu ba ne.

Tsofaffin motoci ƙugiyarsu a walde take a jikin shasi. Na yanzu kuwa yawancinsu a ware take zuwa: ƙarfe ne mai zobe a kai, ƙasansa da haƙora kamar noti. Ɗaga shimfiɗar but ka duba wajen safaya taya, inda jak da wil-sifana suke. Sannan ka dubi bambar gaba da ta baya, za ka ga wani ɗan murfin roba da bai kai tafin hannu ba. Naɗe bakin sukudireba da tsumma ka ɓanɓare shi a hankali, ramin da ake murɗa ƙarfen yana ciki. Motocin hannu da yawa babu ƙarfen ake sayar da su. In taka haka take, ka nema wajen masu kayan gyara, amma ka gwada a motar kafin ka biya, domin haƙoran kowane kamfani daban suke. Na Volkswagen da Audi ma hagu ake murɗa su kafin su ɗaure, mutum sai ya yi ta fama dama yana cewa ba nata ba ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne murɗawar. Wata damina cikin Agusta na kafe a baƙar lakar nan da ake dasa masakwa (dawar rani), wadda in ta sha ruwa take riƙe taya kamar danƙo. Wani bawan Allah mai Hilux ya tsaya zai taimake ni. Ramin ya cika da taɓo, ƙarfen ya shiga zagaye uku ya cije, ni kuma ina sauri don magariba ta kawo jiki, na ce ya isa. Da ya fizga, ƙarfen ya tsinko da igiyar ya tarwatsa gilashinsa na baya. Yaronsa yana tsaye a gefe, bai fi taku biyu ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar nake wanke ramin da ruwa, in murɗa har ƙarshe, in zura wil-sifana cikin zoben in ƙara ɗaurewa.

Kada ka yarda a ɗaura a tayarod (sandar da ke juya tayoyin gaba) ko a bamba, ko da mai ɗaurawar ya rantse kullum haka yake yi. Ƙananan zobban da ke can ƙasa ma, a wasu motocin don ɗaure su cikin jirgin ruwa aka yi su, ba za su ɗauki fizga ba. Ita kanta ƙugiyar jan miƙe take so. Saboda haka a fara haƙe lakar gaban tayoyi, a zuba itace ko duwatsu, mai ja ya tsaya saitin motar, igiya ta miƙe tukuna ya taka a hankali. A ɗora jiƙaƙƙen buhu a tsakiyarta, a kori jama'a nesa, musamman yara masu son kallo.

In kuma lalacewa ta yi za a ja ka a kan kwalta, kunna makulli don kada sitiyari ya kulle, ka sa ta a firi. In inji a kashe yake birki da sitiyari za su yi tauri sosai, don haka ka riƙa taka birki da wuri, kada igiya ta saki. Ba ka faɗa mana giyarta ba. In otomatik ce, famfon man giya ba ya aiki sai inji na tashe, doguwar ja tana ƙona giyabos. Wannan gara a ɗora ta a babbar mota ko nawa za a caje ka. Ka gwada ƙarfen yau a ƙofar gida, gaba da baya, ka faɗa mana yadda ka gani. Allah Ya kai ka lafiya.