Yadda masu ƙunshi ke yanka farashi

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa kuɗin ƙunshi ke bambanta haka, da yadda za a ci moriyar abin da aka biya. Mai lalle lokacinta take sayarwa. Zanen da ya tsaya a wuyan hannu ba ɗaya yake da wanda ya kai gwiwar hannu ba, kuma siririn zanen fulawa ya fi cin awanni. Jan lalle na salatif yana da aikin yanka da mannawa, shi ma da kuɗinsa. Ƙunshin amarya da na jajibirin Sallah sun fi tsada, in kuma gida mai lallen za ta zo, kuɗin mota a kanki yake.

Ku daidaita tun kafin a fara. Nuna mata hoton zanen, ki faɗi iyakarsa, hannu da ƙafa, ciki da baya, sannan ki tambaya ko kayan aiki na cikin kuɗin.

Yawancin asara daga rashin haƙuri take. Ki je da fata wankakkiya ba mai, domin mai yana hana lalle kamawa. Jan lalle ya samu aƙalla awa 4 zuwa 6, a kankare shi, kada a wanke nan take. Launinsa sai bayan awa 24 zuwa 48 yake nuna, saboda haka a yi shi kwana 2 kafin biki.

Dayis kuwa, wato baƙin lalle, a yi hattara. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan jawo ƙaiƙayi, ƙuraje, har tabo. Wadda rini ya taɓa yi wa illa kada ta kusance shi.