Likita, na shafa tafarnuwa don gashina ya fito, yanzu kaina raɗaɗi yake

Tambaya: Salam likita. Wata huɗu ke nan da na haihu, gashina sai zuba yake musamman ta gaban goshi. Na ga wani bidiyo a TikTok wai a daka tafarnuwa a shafa a ɗaure kai a kwana da ita, a kuma riƙa shan bayotin (wani nau'in bitamin). Kwana biyu na yi, yanzu wajen ya yi ja yana raɗaɗi har da ƙuraje masu ruwa, mai bidiyon kuma ta ce alamar maganin na aiki ne. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya raya. Don Allah ki daina yau ɗin nan. Wannan ba aiki ba ne, ƙuna ce. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata, balle an ɗaure ta an kwana, kuma idan ƙunar ta yi zurfi ta bar tabo to saiwar gashin wajen ta mutu ke nan, babu man da zai dawo da ita. Ki wanke da ruwa mai sanyi, kar ki fasa ƙurajen, kar ki ƙara shafa komai a kai, ki je a duba.

Abin takaicin ma, da alama matsalarki ta farko ba ta buƙatar magani. Lokacin ciki sinadaran jiki suna hana gashi zuba kamar yadda ya saba, shi ya sa mata da yawa gashinsu ke cika, to bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai wanda ya taru ya zubo kusan lokaci ɗaya, mace ta ga matajinta cike hankalinta ya tashi. Yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo da kansa. Ko mai lafiya lau yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma gashi kamar santimita 1 yake ƙaruwa a wata, saboda haka duk mai ce miki zai fito a sati biyu kaya take son sayarwa.

Na ce da alama ne tunda ban ga kanki ba, ita ma mai bidiyon ba ta gani ba, bambancin ita ba ta damu ba. Zubar gashi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai ta ƙarancin jini, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai jego, akwai ta matsalar tayirod (wata halitta a wuya mai fitar da sinadaran jiki), akwai ta kitso mai tsauri da ke cinye gaban goshi a hankali, akwai makero wanda sai an sha magani, shafawa kaɗai ba ta kashe shi. Ya za a yi haɗi ɗaya ya warkar da duka?

Sai batun bayotin. In ba ki da ƙarancinsa, kuma da wuya a samu mai ƙarancin, babu wata ƙwaƙƙwarar hujja cewa zai ƙara miki gashi. Matsalarsa ita ce yana rikita sakamakon gwajin jini, a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi a kan haka, har gwajin jinin da ake gane ciwon bugun zuciya da shi yana iya ɓatawa, na tayirod ma haka. To in kin je asibiti ki faɗa musu kina sha da yawan da kike sha, su za su ce miki kwana nawa za ki dakata kafin a ɗebi jinin. Kuma tunda kina shayarwa kar ki fara maganin fito da gashi da ake kira minoxidil sai likita ya ce. Idan wajen ya fara fitar da mugunya ko zazzaɓi ya zo, kar ki bari ya kai gobe.