Shin ƙarancin kuɗi ne ke ɓata fim ɗin ban tsoro?

Malam, ka tambaya me ya sa fim ɗin da kuka kalla a Tahoua, wanda wani mai rufaffiyar fuska ke bin matasa da wuƙa yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, ya ba ku dariya maimakon tsoro, kuma ko ƙarancin kuɗi ne ya jawo hakan.

A ganina kuɗi ba su ne babban dalili ba. Darakta John Carpenter ya shirya fim ɗin ban tsoro mai suna Halloween a Amurka a 1978 da kimanin dala dubu 300 kacal, amma ya firgita jama'a ƙwarai, domin ya riƙa ɓoye makashin a gefen hoto ko cikin duhu, ya bar kiɗan fiyano mai maimaituwa, wanda shi da kansa ya tsara, yana tayar wa mai kallo hankali.

Inda finafinai irin wanda kuka kalla suka fi gazawa shi ne labari. Ba a ba mu damar sanin yarinyar da za a kashe, saboda haka mutuwarta ba ta taɓa zuciyar kowa, ga shi kuma da ta ji motsi a bayan gida cikin dare sai ta nufi can ita kaɗai, abin da ko ƙaramin yaro a unguwarku ba zai yi ba. Idan kuma aka haska jinin da fitila mai ƙarfi, sai ya fito ja wur kamar zoɓo, kowa ya gane na roba ne wuƙar ma. Sauti shi ma yakan lalace, har ihun 'yar wasa ya riga saran isowa.