Gumagumai tara da igiya: yaya ake tuƙa su a teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan masu fito ne, a bakin Kwara na tashi. Na ji an ce wasu Turawa sun ɗaure gumagumai da igiya sun ƙetare teku babu inji. To abin da ba shi da goshi irin na kwale-kwale, da me ake juya shi? Ko iska ce kawai ta kai su inda ta ga dama?
Daga wani mai karatu a Yawuri

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An yi haka, kuma zarginka da ƙamshin gaskiya. A ranar 28 ga Afrilu 1947 wani ɗan Norway, Thor Heyerdahl, ya tashi daga Callao a ƙasar Peru shi da mutum biyar, a kan gumagumai tara na itacen balsa, babu ƙusa ko ɗaya. Sun sa wa abin suna Kon-Tiki. Bayan kwana 101 da tafiyar kusan kilomita 6,900 suka isa tsibirin Raroia na Polinesiya, tarin tsibirai a tsakiyar tekun Pasifik, kuma ba sauka suka yi ba, ruwa ne ya maka su da duwatsun murjani. Iska da igiyar ruwa suka yi yawancin aikin. Tuƙinsu da wani dogon filafili ne a baya, wanda ya gasa musu aya a hannu.

Mutanen gaɓar Ekwado da Peru na da sun fi su dabara. Tun a 1526 wani matuƙin jirgin Sifaniyawa, Bartolomé Ruiz, ya gamu da irin wannan jirgi cikin teku da ƙyallen auduga mai kama iska, ɗauke da kayan fatauci. Sirrinsu shi ne guara: allunan katako da ake zurawa a tsaye cikin ruwa ta tsakanin gumagumai, wasu gaba, wasu baya. In ka nutsar da na gaba ka ɗaga na baya, bayan jirgin ya zame, kansa ya juyo wajen iska. In ka yi akasin haka, kai ya kauce mata. Tuƙin ke nan, ɗagawa da saukewa, wani lokaci taƙi ɗaya ya isa. Kai da ka san yadda ruwa ke riƙe filafili in an kafa shi, za ka fi ni saurin ganewa.

Heyerdahl ya sa allunan a Kon-Tiki, amma bai ƙware da su ba sai 1953, da ya gwada a gaɓar Ekwado ya ga ana iya ratsa iska da su. A 2006 jirgin Tangaroa, da jikansa Olav a ciki, ya bi hanyar yana tuƙi da guara, ya kuma fi na kakan sauri. A 2015 jirage biyu suka nufi tsibirin Easter da gangan suka same shi, sai dai dawowa ta gagara, ceto su aka yi a Maris 2016.

Ni dai ba na bin Heyerdahl a duk abin da ya faɗa. Ya nuna ana iya tafiyar, sai ya ce ai daga Amurka ta Kudu mutanen Polinesiya suka fito. Harshensu da jininsu sun nuna daga ɓangaren Asiya suke. An dai haɗu a wani zamani, shaida kuwa dankali, wannan da muke cewa na Hausa: asalinsa Amurka ne, kuma ya isa tsibiran kafin Turawa.

Tunda kai ɗan ruwa ne, ga ƙari. Jirginsa na 1969, Ra, Buduma na Tafkin Chadi ne suka ɗaura shi da ciyawar papirus a gindin dalar Giza, kuma ɗan Chadi, Abdullah Djibrine, yana cikin matafiyan. Daga Safi ta Maroko suka tashi, sai ɓangaren jirgin na baya ya riƙa nutsewa a hanya, dole aka bar shi kafin a kai Barbados. Ra II ya isa a 1970 cikin kwana 57.